Me Ya Sa Nake Bin Ra'ayin Taro?

Tambaya: Anti, a taron dangi nakan amince da shawarar da na san kuskure ce. Ragwanta ce?

Amsa: 'Yata, ba ragwanta ba ce, halin ɗan Adam ne. A shekarar 1951 wani mai bincike mai suna Solomon Asch ya gwada ɗalibai a Amurka da tambaya mai sauƙi kan tsawon layuka. Ya shirya da sauran mahalarta su ba da amsar ƙarya, sai kusan kashi 75 cikin ɗari suka bi su aƙalla sau ɗaya, ido na ganin gaskiya! Amma da aka samu mutum guda ya saɓa wa taron, bin ya ragu ƙwarai. Don haka kafin zama na gaba, ki keɓe da gwaggo ko yayarki, ki faɗa mata abin da ke ranki.