Ƙahon Gombe da Ƙahon Bauci: Nazari a Kan Sunan Amonait

Gabatarwa

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan maƙala zan yi tsokaci a kan sunan amonait. Wata halitta ce ta teku mai hannuwa kewaye da baki, wadda take zaune cikin ƙwanso mai naɗi. Ta ƙare a duniya kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, sai ƙwansonta da ya zama dutse. Duk da cewa mu a Tudun Ƙofa a Keffi muna nesa da teku, akwai lokacin da teku ya mamaye Kwarin Binuwai, wanda ya haɗa da Awe da Keana a Jihar Nasarawa. Shi ya sa ake tono irin wannan dutse a Ashaka ta Jihar Gombe.

Asalin Sunan

Romawa ne suka kira dutsen "ƙahon Amon", kamar yadda marubucinsu Pliny, wanda ya rasu a shekara ta 79 Miladiyya, ya ambata. Amon abin bauta ne na Misirawan dā, wanda ake zana shi da ƙahon rago. Ke nan kama aka duba wajen raɗa sunan.

Masana kimiyya ma hanyar suka bi. A Girkanci, keras na nufin ƙaho. A shekarar 1954, Richard Reyment ya raɗa wa wasu nau'o'in da aka samu a Nijeriya sunayen Gombeoceras da Bauchioceras, wato "ƙahon Gombe" da "ƙahon Bauci". Wani kuma ya kira shi Benueites, daga sunan Binuwai.

Yaya Za Mu Kira Ta da Hausa?

Wasu za su ce katantanwa. A ganina wannan zai rikita mai karatu, domin katantanwa ta dodon koɗi ce, kuma cikinta rami ɗaya ne. Shi kuwa ƙwanson amonait a rarrabe yake ɗaki-ɗaki, dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe, sauran kuma suna taimaka mata yin iyo.

Bahaushe ma yana raɗa suna ta hanyar kama, misali idon zakara da harshen tinkiya a cikin tsirrai. Don haka nake ba da shawarar a kira ta "ƙahon teku".

Kammalawa

Aro ba laifi ba ne, amma kafin mai fassara ya ari kalma, ya kamata ya binciki asalinta. Sau da yawa ma'anar da aka gina ta a kai tana nan a Hausa.