Baƙin Ƙwallo da Baƙin Mazurari: Alamun Rana na Jiragen Filafilai

Alhazanmu duk sun san Jidda, amma ba kowa ya san Abhur ba. Wani siririn reshe ne na Bahar Maliya da ya kutsa cikin tudu, kamar kilomita 30 arewa da birnin. Can ne masu ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa ke ajiye jiragensu. Mashigarsa ba ta da faɗi, ga duwatsun murjani a gefe, saboda haka tilas kowane matuƙi ya san halin da jirgin da ke gabansa yake ciki. Da dare fitilu ke faɗa masa. To, da rana fa?

Amsar tana cikin Dokokin Hana Karo a Teku, waɗanda ƙasashen duniya suka amince da su a Landan a 1972, aka fara aiki da su a 1977. Doka ta 18 ta ce jirgi mai inji shi zai kauce wa mai tafiya da iska, gama mai filafilai ba ya iya juyawa yadda ya ga dama. Amma yawancin jiragen filafilai na zamanin nan suna da inji, kuma matuƙi yakan tayar da shi alhali filafilan suna shimfiɗe, musamman a wuri matsattse irin Abhur. Da zarar injin ya soma tura jirgin, a wajen doka ya zama jirgi mai inji, wancan gata ya faɗi. Wanda ke nesa kuwa filafilai kaɗai yake hange, ba ya jin ƙarar inji. Sai ya yi ta kauce wa wanda watakila shi ya kamata ya kauce, nan kuwa ruɗu ke farawa.

Domin haka doka ta 25 ta wajabta a rataya wata baƙar alama a gaban jirgin, mai siffar mazurari, tsininta yana duban ƙasa. A ganina babu alamar da matuƙa suka fi sakaci da ita kamar wannan.

In jirgi ya jefa anga, doka ta 30 ta ce a ɗaga baƙin ƙwallo guda ɗaya a gabansa, watau yana cewa, ina tsaye, ba zan iya kauce maka ba. An ɗauke wa jirgin da bai kai mita 7 ba wannan wajibi, muddin bai tsaya kusa da mashiga ko hanyar jirage ba. Ƙwallo uku a jere, wani bisa wani, jirgi ne da ya kafe a ƙasa.

Me ya sa baƙi? Domin launi yana dushewa da nisa, balle a hasken rana irin na Hijaz, inda ruwa ke walƙiya kamar madubi. Baƙin abu kuwa yakan fito sosai a jikin sararin sama. Siffar ma da hikima aka zaɓe ta, gama ƙwallo ko mazurari, ta kowane gefe ka ɓullo masa, kamanninsa ɗaya ne. Faɗin kowannensu kada ya gaza santimita 60, wajen ƙafa biyu ke nan, sai dai jirgin da bai kai mita 20 ba an yarda masa ya rage gwargwadon girmansa. Sau da yawa faifai biyu ne na roba ake sarƙewa a gicciye, in an gama a raba su a ajiye.