Gyaran Hali: Ta Ina Za Ka Fara?

Mun saba cewa hali zanen dutse ne, kuma da wannan karin maganar mutane da yawa suke fakewa. Mai saurin fushi ya ce haka Allah ya yi shi, marowaci ya ce gado ya yi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, bai yarda da haka ba a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Hujjarsa ita ce, da hali ba ya sauyawa, da wa'azi da nasiha da tarbiyya duk sun zama aikin banza. Doki ma akan hore shi ya daina tutsu, balle ɗan Adam mai hankali. Ni dai hujjar nan ta gamsar da ni.

Fara da sanin aibinka, kuma nan wuyar take, don laifi tudu ne. Gazali ya kawo hanyoyi huɗu: malami mai basira, aboki mai faɗa maka gaskiya, bakin maƙiyi, da kuma lura da abin da kake ƙi a wurin mutane, ka duba ko kai ma kana da shi. Ta ukun ce ta fi ɗaci, ita ce kuma ta fi sauƙin samu. Aboki yakan ji nauyinka ya rufa maka asiri, amma wanda kuka yi faɗa da shi ba ya ragawa. In mutum biyu da ba su san juna ba suka ce maka kana da girman kai, kada ka tsaya neman wanda ya zuga su. Zauna ka yi wa kanka hisabi.

In ka gano, ɗauki hali guda tak. Wanda ya ce zai bar ƙarya da gulma da rowa da fushi a wata ɗaya, ƙarshenta ba ya barin ko ɗaya.

Sai ka riƙa aikata kishiyar halin da gangan, ko zuciyarka ba ta so. Aristotal, masanin Girka da ya mutu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya koyar da cewa ta yin adalci ake zama adali, ta maimaita aikin jarumta ake zama jarumi. Saboda haka marowaci kada ya jira ranar da zai ji sha'awar kyauta, don ba za ta zo ba. Ya ware wani abu kowace Juma'a, komai ƙanƙantarsa, ya bayar yana jin zafin rabuwa da shi. A hankali zafin zai ragu, wata rana ya ga hannunsa ya riga tunaninsa. Mai fushi kuwa ga abin da Sunna ta koya mana: ya yi shiru, in a tsaye yake ya zauna, ya yi alwala. Ni zan ƙara da cewa ya ajiye wayarsa, kada ya tura saƙo sai gari ya waye.

Amma a kula, kowane halin kirki tsaka-tsaki ne, kuma malaman nan biyu sun haɗu a kan haka. Kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci. Wannan ya shafe mu sosai a wajen kunya da haƙuri. Kunyar da ta hana mace faɗa wa likita ainihin ciwonta ta wuce gona da iri, haka ma haƙurin da ya sa ka zuba ido ana cin dukiyar maraya.

Za ka yi tuntuɓe, babu makawa. Ranar da ka sake daka wa matarka tsawa ko ka yi wa yaron shagonka wulaƙanci, kada ka ce ai ka gaza. Je ka ba wanda ka ɓata wa haƙuri a ranar, da bakinka, ko da kai ne babba, sannan gobe ka ci gaba daga inda ka tsaya.