Darasi Na 18: Baƙuwar Kyanwa

Wani manomi ya yi noma, Allah ya ba shi amfani. Ya cika rumbu biyu, ɗaya dawa, ɗaya gero. Amma ɓeraye suka hana shi sakat. Kullum da safe sai a ga ƙaiƙayi da kashin ɓera a gindin rumbu. Ya ce zai sayo maganin ɓera ran kasuwa. Matarsa ta ce, "Malam, ina jin tsoro. Ga yarinya tana rarrafe, ga kaji suna kiwo a tsakar gida." Sai ya fasa.

Ran nan da almuru suka hangi wata kyanwa a gindin danga. Ta rame ƙwarai, har ana ƙirga haƙarƙarinta. Da ta ga mutane sai ta ruga, ta shige ƙarƙashin tarin kara. Ɗansu ya tashi, ya ce, "Baba, in kamo ta?" Uban ya ce, "Kul! Zauna. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wannan ta sha jifa a hannun mutane. In ka bi ta da gudu, ba za ta komo ba."

Matar ta samo kasko biyu. Ta zuba ruwa a ɗaya, ta sa ɗan kifi a ɗaya bayan ta cire masa ƙaya. Ta ajiye kusa da tarin karan, ta tafi abinta. Kashegari ta iske kasko wayam. Ta yi ta yin haka kullum, lokaci ɗaya, wuri ɗaya. Kwana uku kyanwa ba ta fitowa sai kowa ya kwanta.

Ran na huɗu matar ta shimfiɗa tabarma daga nesa, ta zauna tana saƙar faifai. Ba ta dubi kyanwar ba, ba ta kira ta ba. Can sai ga kyanwa ta fito a hankali, tana ci tana waige. Bayan kowane kwana biyu matar ta kan jawo kaskon taki ɗaya wajen tabarma. Kafin mako biyu kyanwa tana cin abinci dab da ita.

Yaron ya gaji da jira. Wata rana ya lallaɓo ta baya, ya cafke ta. Ta kwantar da kunnuwa, ta yi huci, ta yakushe shi, ta tsere. Uban ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, sa'an nan ya kai shi asibiti. Malamin asibiti ya ce, "Kun kyauta. Ciwon haukan kare ba a wajen kare kaɗai a ke ɗaukarsa ba. Kyanwa ma tana iya ɗauke da shi. In aka yi allura da wuri, mutum ya tsira. In aka bari har ciwon ya bayyana, sai dai wani ikon Allah."

Kwana biyu ba a ga kyanwa ba. Aka mai da kasko wurinsa na farko, aka sake sabon lale. Wannan karo yaron ne ya zauna a tabarma. Ya koyi zama shiru. Da wata ya zagayo, sai ran nan ya miƙa hannu ƙasa, ya bar shi nan. Kyanwa ta matso, ta sansana yatsunsa, ta goga kumatunta a jikinsu. Ya shafa ta sau biyu, ya janye hannu. Tun daga ranar ta zama 'yar gida. Uban ya kai ta asibitin dabbobi cikin kwando mai murfi, aka yi mata allurar rigakafi. Ta mai da gindin rumbu wurin kwananta, ɓarnar ɓera kuwa ta ragu ƙwarai.

Abin Lura

Me ya sa wata kyanwa ta ke tsoron mutum, wata ba ta tsoro? 'Yar kyanwa tana sabawa da mutane tun tana da mako 2 har zuwa mako 7. In ta wuce wannan lokaci ba wanda ya taɓa ta, ko kuwa an sha dukanta, sai ta tashi da tsoro. Irin wannan ba ta yarda da mutum sai da haƙuri. Wata mako biyu ya ishe ta, wata sai ta yi watanni. Wata ma har abada ba ta yarda a ɗauke ta, amma za ta zauna a gida ta yi aikinta. Kada a tilasta ta.

Kada ka ƙura mata ido, gama a wajen kyanwa wannan neman faɗa ne. Kada ka tsaya a kanta, durƙusa. Kada ka tare mata hanyar gudu. In ka ga ta kwantar da kunnuwa, gashin wutsiyarta ya tashi, ja da baya.

Wajen abinci, nama da kifi su ne nata. Kada a ba ta abin da aka dafa da albasa ko tafarnuwa, suna yi mata lahani. Nonon shanu ya kan sa yawancin manyansu zawo, ruwa mai tsabta ya fi. Waɗansu suna cewa a bar ta da yunwa don ta kama ɓera. Wannan kuskure ne. Ƙosasshiyar kyanwa ma tana farauta, mai jin yunwa kuwa gidan da ta sami abinci ta kan koma. In kana da kyanwa kada ka zuba maganin ɓera, domin in ta ci ɓeran da ya ci guba, ita ma tana iya mutuwa.

Ɓarnar ɓera ba a hatsi kaɗai ta tsaya ba. Akwai zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a shekarar 1969 a garin Lassa ta ƙasar Borno. Ana ɗaukarsa daga fitsari da kashin wani irin ɓera. Kyanwa tana taimako, amma ita kaɗai ba ta isa ba. A rufe abinci, a toshe ramuka, a share gida.

Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Tambayoyi

1. Don me matar manomi ta ƙi maganin ɓera?
2. Wane kuskure yaron ya yi?
3. Minti nawa za a yi ana wanke cizo ko yakushi?
4. Faɗi abu biyu da ba a ba kyanwa.

Rubuta wannan a littafinka: Haƙuri ya mai da baƙuwa 'yar gida.