Idan Aka Ce "Akwai Mai Tambaya?" Sai Gabana Ya Faɗi

Wata ɗaliba ta rubuto mana daga Zariya cewa nan ba da jimawa ba za ta kare kundin bincikenta na digiri a gaban malamai da 'yan ajinsu. Jawabin bai dame ta ba, ta riga ta haddace shi tsaf. Abin da ke hana ta barci shi ne lokacin da shugaban zama zai ba da damar yin tambayoyi. Ta ce: "Yaya zan amsa ba tare da na rikice ba? In kuma aka tambaye ni abin da ban sani ba, me zan ce?"

Madalla da wannan tambaya, 'yata. Da yawa daga cikin masu gabatar da jawabi suna ɗaukar tambaya a matsayin tarko, amma yawanci ba haka abin yake ba. Mai tambaya ko dai wani abu ne ya wuce shi, ko kuwa, in malami ne, yana so ya tabbatar ke kika yi aikin da hannunki. Shi ya sa tambayoyin ba su cika zuwa da mamaki ba: me ya sa kika zaɓi wannan gari, mutum nawa kika zanta da su, daga ina wannan adadi ya fito. Ki zauna da kundin tun yanzu, ki rubuta tambayoyin da kike addu'ar kada a yi miki, domin su ne za a yi. Sai ki ba wata ƙawa mai tsaurin ido ta yi ta jefo miki su kina amsawa da baki.

A ranar, ki riƙe biro da takarda, ki bar mai tambaya ya kai aya. Ruɗewa takan fara ne daga nan: mutum ya ji rabin magana, zuciyarsa ta tafi neman amsa, ragowar ta wuce shi. Wasu malaman kuma sukan haɗa tambaya uku a numfashi ɗaya, in ba ki rubuta ba ta farko za ta ɓace kafin a kai ta uku. Idan ya gama, ki maimaita tambayar a taƙaice da kalmominki. Na bayan ɗaki sun ji ke nan, shi kuma zai gyara miki in kin fahimce shi a karkace.

Kada ki ji tsoron ɗan shiru. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gabatar da bincike a 1972 inda ta nuna cewa malaman makaranta kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi wa yara tambaya. Da aka sa suka riƙa jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshin yaran suka ƙara tsawo da ma'ana. Ke ma ki ba kanki waɗannan daƙiƙu. A wurinki za su yi tsawo, amma masu sauraro za su ga mai tunani ce kawai. Sannan ki fara da amsar kanta, dalili ya biyo baya, ki tsaya. Doguwar amsa ita ke buɗe ƙofar tambayar da ba ki shirya mata ba.

To, batun abin da ba ki sani ba. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik, malamin Madina mai littafin Muwaɗɗa, tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a kan 32 daga ciki, kuma hakan bai rage masa daraja ba. Kame-kame ne ke zubar da mutum, domin wanda ya yi tambayar galibi ya san amsarta, yana kallonki kina lalube. Amma kada ki ce "ban sani ba" ki yi tsit. Ki ce, misali: "Bincikena bai kai nan ba, Malam, a kan manoman rani na tsaya. Abin da na gani a wurinsu shi ne kaza." Kin faɗi gaskiya, kin kuma nuna kin san iyakar aikinki.

Akwai wani abu da tarbiyyarmu ke jawowa. An koya mana sunkuyar da kai da sassauta murya a gaban manya, abu ne mai kyau, sai dai a zauren nan yakan sa ɗalibi ya amsa laifin da bai yi ba. Idan malami ya ce ba ki kawo abu kaza ba alhali kin kawo, ki ce: "Allah gafarta Malam, yana nan a shafi na 42," ki buɗe ki nuna. Wannan ba rashin kunya ba ne. In kuwa gyaran nasa daidai ne, ki yi godiya ki rubuta a gabansa, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ba za a rasa mai miƙewa ya ce, "Ni ba tambaya gare ni ba, ɗan tsokaci ne," ya kwashe minti biyar yana nasa jawabin. Kada ki katse shi, wannan aikin shugaban zama ne. In ya gama, ki ɗauki abu ɗaya daga maganarsa da ya shafi aikinki ki ce wani abu a kai, ki gode masa, sannan ki mayar da dubanki ga shugaban zama don ya kira na gaba.