Yadda Ake Mayar da Iska Ta Zama Takin Yuriya

Manomin da ya kwance bakin buhun yuriya a Funtuwa ko Kura, ya ɗebo fararen ƙwayoyin nan a tafin hannunsa, da wuya ya yarda cewa daga iska suka fito. Amma masana'antar Dangote da ke Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2022 da ƙarfin yin tan miliyan 3 a shekara, da ta Indorama da ke Eleme a jihar Ribas, kayan haɗinsu uku ne kacal: gas na ƙarƙashin ƙasa, da ruwa, da iskar da kowa ke shaƙa.

Kashi 78 cikin ɗari na iskar nan naitirojin ne, sinadarin da ke sa ganyen masara ya yi kore shar. Sai dai yana da taurin kai. Ƙwayoyinsa a manne suke bibbiyu, masara kuwa ba ta iya cinsa a haka. Duk hasumiyoyi da bututan masana'antar an gina su ne don a raba wannan manni.

Da farko ana tace gas ɗin a cire masa farar wuta, domin tana lalata ƙarafan da ke hanzarta aikin. Sai a gauraya shi da tururi, a bi da shi ta bututai masu ɗauke da nikel, cikin zafin da ya kai digiri 800. A nan gas ɗin ke tarwatsewa ya saki haidirojin. Daga nan a hura iska a ciki: iskar oksijin ta ƙone, naitirojin ya saura. Iskar kabon da ta taso kuma a ware ta a adana, don akwai ranarta a gaba.

Mataki na gaba shi ne mai wuyar. Bajamushe Fritz Haber ne ya gano shi a 1909, Carl Bosch na kamfanin BASF ya mayar da shi masana'anta a Oppau a 1913. Ana haɗa awo uku na haidirojin da awo ɗaya na naitirojin, a matse su fiye da ninki 100 na nauyin iskar sarari, a bi da su ta kan baƙin ƙarfe cikin zafin digiri 400 zuwa 500. Duk da wannan azaba, kimanin kashi 15 cikin ɗari ne ke zama amoniya a zagaye ɗaya. Sai a sanyaya, amoniya ta zama ruwa a kwashe, ragowar ta koma ta sake zagayawa. Wannan haƙurin na maimaitawa shi ne abin da ya fi burgewa a aikin gaba ɗaya.

Yanzu ne ake ɗauko iskar kabon da aka adana, a matse ta da amoniya, su ba da yuriya a narke. A ƙafar da ruwan, a fesa ta a kan ƙananan ƙwayoyi da iska ke juyawa har su yi kauri, a tankaɗe, a ɗura a buhu.

Lambar 46 da ke jikin buhun tana nufin a kilo 50 akwai naitirojin kilo 23. Idan aka watsa takin a kan busasshiyar ƙasa aka bar shi a fili, wani kaso yakan koma amoniya ya bi iska. Shi ya sa malaman gona ke cewa a tona rami nesa kaɗan da gindin shuka, lokacin da ƙasa ke da danshi, a zuba a rufe.