Kafin a Sayi Injin Ƙura don Kafet ɗin Masallaci

Ga 'yan kwamitin masallatai da masu masaukin baƙi, daga Chereponi har Yendi, Salaga da Bawku. Sana'ata wankin kafet da gyaran injin zuƙe ƙura, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce, "Malam, injin nan yana da ƙarfi kuwa?" Da wuya wani ya tambayi irin bakin da aka ɗaura masa, alhali bakin ne ke taɓa kafet, shi ke aikin.

Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso mana ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga kuma jar ƙasar hanya da ƙafafu ke shigowa da ita. Mai laushin tana kwanciya a sama. Yashin kuwa nutsewa yake yi har gindin zare, ana takawa yana cin zaren a hankali. Ku ɗaga gefen kafet ɗin bakin ƙofa, ku shimfiɗa farar takarda, ku bubbuga bayansa da tafin hannu, za ku ga abin da zai zubo. A kan irin wannan ne dattijo mai ciwon asma ke ɗora goshi da hanci a kowace sujada, kuma shi ya fi damuna.

Bakin da ba shi da burushi mai juyawa zuƙa kawai yake yi. Ya wadatar ga tayil, siminti da tabarmar roba, amma ba ya tono yashin gindin kafet.

Akwai mai burushin da iskar injin ke juyawa ta wata ƙaramar farfela. Ya fi araha, ba ya buƙatar waya, yana kuma yi wa siririyar darduma. Sai dai ƙarfin da yake juya burushin daga zuƙar yake cinsa. Da jakar ƙura ta fara cika, ko tsinken ashana ya maƙale a farfelar, sai ka ji ƙarar ta sauya, burushin ya tsaya cak.

Ga babban ɗaki mai kafet bango zuwa bango, mai burushin lantarki nake ba da shawara, wanda ke da ƙaramin inji nasa na kansa. Yana karkaɗe zaren, yashin ya taso, zuƙa ta ɗauke. A zaɓi wanda ake iya ɗagawa da saukewa gwargwadon kaurin kafet, mai makunnin kashe burushi, domin kafet mai dogon gashi da gezar darduma nannaɗewa suke yi a jikinsa su tsinke.

Masu sabon gini da ke sha'awar irin injin da ake girkewa a ɗaki guda, a bi da bututu cikin bango, a riƙa jona tiyo mai kamar mita 9 a kowane sashe, don Allah ku yanke shawarar bakin kafin a yi yaɓe. Mai lantarki yana son tiyo mai waya a ciki da soket kusa da kowace mahaɗa. Mai farfela kuwa, idan bututun ya yi nisa da kwana-kwana, zuƙar na iso masa a raunane.

Sai maganar gwanjo da tsaraba. Wutar da kamfanin NEDCo ke ba mu volt 230 ce, kayan Amurka kuwa an yi su ne don volt 120. An kawo mini baki sabo fil da wani Alhaji ya samu tsaraba, jonawa ɗaya ya ƙone. Duk bakin da za ku ɗaura, ku juya shi ku karanta lambar da ke ƙasansa, ku kuma gwada ko wuyansa ya shiga sandar injinku, don ba duka ne faɗinsu ɗaya ba.

Ladan ko yaron da ke shara ya riƙa kifa bakin duk Alhamis ya yanke zare da gashin da suka naɗe da almakashi, bayan ya cire wuta. In ya ji warin roba na ƙonewa, bel ɗin burushin ne, ya kashe nan take. Wurin da masu alwala ke shigowa da jiƙaƙƙun ƙafafu kuma a bar shi ya bushe sarai kafin a bi ta kansa da injin.